Jibo Mai Faci da Gardamar Igiya

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a hanyar Kwaya ya san Jibo. Rumfarsa tana bakin hanyar da ta nufi Sassumbrum, a gindin wata bishiyar bedi, da bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tub a ciki yana neman huda. Aikinsa ba laifi. Facin Jibo ba ya ɗagawa, na moto ne ko na amalanke. Abin da mutane ke gudu a wurinsa bakinsa ne. Ka kawo taya kana sauri ka riski kasuwa, sai ya kama ka da labarin wani fim mara launi da aka yi tun ba a haifi ubanka ba, a wata ƙasa da shi kansa bai san inda take ba. Kuma ba zai miƙo maka tayarka ba sai ya kai aya.

Ba haka aka haife shi ba. Ɗan manoma ne kamar kowa, ubansa mai gero da gyaɗa, uwarsa mai ƙuli-ƙuli. Da ya tasa sai ya bi samari cin rani Damagaram, ya kama tallar gyaɗa a ƙofar wata silima da yanzu ko tubalinta babu. Mai tsaron ƙofa yakan bar shi ya shiga da farantinsa in an fara. Yawanci fim ɗin Indiya ake sawa ko na 'yan kareti, gida ya cika maƙil, ana ihu ana tafi. Amma wani lokaci motar da ke kawo sabon fim takan makara, sai mai silima ya shiga ɗakin ajiya ya jawo duk abin da hannunsa ya kai: tsofaffin finafinai marasa launi, waɗanda mutum zai yi ta tafiya a cikinsu bai ce uffan ba, ba waƙa, ba naushi. Irin wannan rana sai fito da zagi, a yi ta jifan bango da ɓawon gyaɗar Jibo, kafin a kai rabi benci ya zama wayam. Shi da fari zama yake yi don ba shi da wurin zuwa. Daga baya ya tarar ko da wurin zuwa ba ya iya tashi.

Bai ji yarensu ba, har yau kuma bai ji ba. Faransancinsa na cinikin faci ne, rubutun da ke gudu a ƙasan hoto kuwa kafin ya haɗa baƙi biyu ya wuce. Amma in ka kuskura ka ce masa ashe bai fahimci komai ba ke nan, ka jawo wa kanka. "Mutum ya zauna gaban akushi shi kaɗai, ya ɗauki loma ya mayar," in ji shi, "wane tafinta kake jira ya gaya maka abin da ke damunsa?"

Ya dawo Kwaya, ya auri Zahara'u, ya gaji gona, ya kafa rumfa. Silima ta mutu a Damagaram, zamanin kaset ya shigo, bayansa na faifai. A nan ne Jibo ya gane cewa abin da ya ɗauka ya wuce har abada ana iya sayo shi a sa a akwati. Daga ranar bai sake zama lafiya ba, iyalinsa ma haka. Wasu maza in sun sami rarar kaka sai tunkiya ko kwanon rufi. Jibo sai Damagaram, sai Kano, sai gindin teburin masu gwanjo yana tonon kwalayen da ba wanda ya taɓa tambaya. Masu shagunan kaset har sun san shi, duk abin da ya shekara bai fita ba sai su ajiye wa mutumin Kwaya. Ya samo wani akwatin ƙarfe irin na amare, ya ɗora shi kan duwatsu saboda gara, ya shimfiɗa ganyen bedi a ciki, ya jera dukiyarsa. Ya sayi tele da na'urar kallo da pano mai cajin batir da rana, alhali ɗakin Zahara'u yana yoyo.

Da a ce kowane fim sau ɗaya yake sayensa, da da sauƙi. Ina! Fim guda sai ka same shi kala-kala a akwatin nan, kuma kowanne da laifin da Jibo ya kama shi da shi. Wannan an yanke masa gefe da gefe don ya cika tele, har mutum biyu na magana ba ka ganin komai sai hancinsu da bangon da ke tsakani. Wancan an matse shi, kowa ya zama dogo siriri kamar taɓarya. Wani an shafa masa launi daga baya, fuskoki sun koma ruwan lemo. Wani kuma a cikin silima aka ɗauke shi a sace, kana tsakiyar kallo sai kan wani ƙato ya ratsa ya nufi bayan gida.

"Malam, ba wannan muka gani shekaranjiya ba?" Zahara'u takan tambaya in ta leƙo zaure.

"Ba shi ba ne."

"Ga tsohon nan, ga kuma karen nasa."

"Wancan an datse wurin da yake wanke ƙafa. Wannan akwai."

"To, Allah ya ba da lada," takan ce, ta koma kan tukunyarta.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne rashin abokin magana. Ya taɓa buɗe zaurensa kyauta, ya shimfiɗa tabarmi, ya aika a gaya wa unguwa. Aka zo kuwa. Aka zauna, aka jira, har wani ya gaji ya ce, "Wai yaushe za a fara faɗan?" Da Jibo ya ce babu faɗa, sai aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma minshari ne ya riƙe su. Wani maƙwabci ya so ya taimaka, ya kawo masa irin finafinan nan da ake ɗora wa muryar Hausa, inda mai fassara ke cusa wa mace barkwanci a baki tana tsakiyar makokin ɗanta. Jibo ya cire faifan ya miƙa masa, ya ce ya gai da gida. Yanzu kuwa kowa da silimarsa a aljihu, yana tura fim da babban yatsa a waya, yana tsallake duk inda aka yi shiru. Wurin shirun kuwa shi ne abin da Jibo yake so a tsaya a gani.

Mutum ɗaya Allah ya ba shi, shi ma ba don su yarda da juna ba. Kyari ke nan, Babarbaren da kakanninsa suka zauna Kwaya tun da daɗewa, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya ci hanyar Kwatanu da Lome har bayansa ya ƙi. Zaman jiran kaya a bakin teku ne ya koya masa shiga silima, ya kuma dawo gida da 'yan kaset-kaset ɗinsa a buhu. Ranar da magana ta fara haɗa su, Kyari ya kawo tayar keke, Jibo ya kama shi da labari yadda ya saba. Bai kai tsakiya ba sai ya ji an ce, "Ba haka aka yi ba. Yaron ba ɗansa ba ne, agola ne." Jibo ya saki tub a cikin baho ya ɗago kai. Tun da yake ba da labarin fim a garin nan ba wanda ya taɓa damuwa har ya gyara masa. Daɗi ya kama shi, amma sai ya ce, "Kai me ka sani?" ya tura masa benci da ƙafa.

Tun daga nan duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su rufe zauren Jibo, su rataya tabarma a taga, su ɗora shayi. Kallon ba ya kai gardamar tsawo. Kyari mai son fim ne mai ɗaci, wanda za a tashi ba wanda ya ci riba, yana cewa haka ya ga duniya a bakin hanya. Jibo kuma yana cewa duk mai shirya fim da bai bar wa rahama ko 'yar ƙofa ba, ba ya tsoron Allah. Sukan rabu kowa ya haɗe rai, wata Juma'ar kuma Kyari ne zai riga kowa zuwa da sukari a aljihu.

Babbar gardamarsu a kan wani fim ce da ke cikin buhun Kyari. Sunansa yana rubuce da wasu baƙaƙe da ba na boko ba, ba na ajami ba, sai suka sa masa fim ɗin masu rijiya. Wa da ƙane ne a wata ƙasa mai duwatsu suke haƙa rijiya. Haƙa kawai, tun daga farko, wan yana ciki, ƙanen yana jan ƙasa da guga. Ruwa ya ƙi. Mutanen gari suna wucewa suna dariya. Ƙanen ya gaji, wata safiya ya janye igiya ya naɗe, ya saɓa a kafaɗa ya bi hanya, ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. A kaset ɗin Kyari ƙarshen ke nan: wan yana zaune a gindin busasshiyar rijiya, ya ɗaga kai yana kallon ɗan sararin da ke samansa, hoto ya yi baƙi, tele ta kama shuuu.

Jibo kuwa ya rantse ya ga fim ɗin nan a Damagaram yana saurayi, shi kaɗai a benci, kuma bayan baƙin akwai saura. Hoto ya dawo, ƙasa ta ɗan zubo a kafaɗar wan, sai ga bakin igiya yana saukowa a hankali. Ba a nuna wanda ya sako ta ba, amma wa zai sako in ba ƙanen ba?

"Barci ya kwashe ka ka yi mafarki," Kyari yakan ce.

"Kaset ɗinka ne ya ƙare, Babarbare. Wanda ya kwafa maka rowar zare ya yi."

"Mai fim ɗin nan ba yaro ba ne. Ya san inda ya tsaya."

"To ni da idona na gani."

"Kawo shaida."

Shaidar ce babu. Gardamar nan ta girmi autan Jibo, an yi ta a wurin suna, an yi ta a wurin ɗaurin aure, an taɓa yin ta ƙasa-ƙasa a zaman makoki har liman ya yi gyaran murya. Ta kai ga in wani ya faɗi abin da shi kaɗai ya gani, 'yan Kwaya sai su ce, "Igiyar Jibo ce." Yakan yi kamar bai ji ba, amma abin yana sukansa. Ba bakin gari ne ya dame shi ba, mutanen da ba su iya zaman kallo ba me suka sani? Abu ɗaya yake so a duniya: ya zaunar da Kyari gaban tele, igiyar nan ta sauko a gaban idonsa, ya ga yadda Babarbare zai yi da fuskarsa.

Bana da damina ta yi nisa, Kyari ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Aka kai shi likita a Magarya, ya dawo ɓarin jiki ɗaya a shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Matarsa ta riga ta rasu. Babban ɗansa Husaini, da ke aiki a Yamai, ya aiko cewa da zarar an kai gero rumbu zai zo ya ɗauke shi ya koma wurinsa. Kowa a Kwaya ya san tsohon da aka ɗauka a wannan hali ba kasafai ake sake ganinsa ba. Jibo yakan je ya zauna kusa da tabarmarsa, ya jawo maganar fim, Kyari ya bi shi da ido kawai.

Ana cikin haka Jibo ya je Damagaram sarin tub da sholisho, wato gam ɗin faci. Ya biya ta wurin wani mai gwanjon kayan Turai, irin masu tara dutsen guga da tukwane da takalman yara wuri ɗaya, ya durƙusa gaban wani kwali don sabo. Yana ɗaga na sama sai ya ga hoton: ɗan sarari zagayayye, an ɗauko shi daga gindin rijiya. Ya jawo shi da sauri. Gidan faifan mai nauyi ne, ba irin ledar kasuwa ba, faifai biyu a ciki, ɗaya a sama ɗaya a ɓoye bayan wani marfi, duka sumul kamar madubi. Ya juya bayansa ya nemo lambar da ke nuna tsawon fim, don wannan kam ya iya karantawa. Ta fi wadda ke jikin kaset ɗin Kyari. Bai ko yi ciniki ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.

Daga tasha gidan Kyari ya zarce, da ƙurarsa da komai. Ya ɗora masa kwalin a kan ƙirji, ya nuna masa lambar da yatsa. Kyari ya daɗe yana dubawa. Sai Jibo ya ga idon nan da ya kwana biyu a mace ya kawo haske.

"Sunayen ma'aikatan fim ɗin ne," in ji Kyari, kalma ɗaya-ɗaya. "Su suka ƙara tsawon."

"Za ka gani."

"Kwali ba shaida ba ne."

Jibo ya fito yana dariya shi kaɗai a hanya. Ya ƙudura ba zai kalla ba sai tare, kada Babarbare ya ce an yi masa wani siddabaru. Gaskiyar magana kuma, can ƙasan ransa akwai tsoro. Shekarun da yawa, kuma yaron da ya wuni yana talla yana iya gyangyaɗi a benci.

To, sai na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Ya sa wani tsohon faifai don gwaji, ta yi ƙugi, ta juya, ta tofo shi. Ya zagaya gari neman aro, ya tarar zamani ya wuce da su. Ta gidan mai unguwa an mai da ita abin ɗora fitila, ta wani gida kaza ce ke ƙwai a kanta. Dole ya naɗe tasa a zane ya hau kabu-kabu zuwa Magarya wurin mai gyara. Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya ce idonta ne ya mutu, sai an aiko da wani daga Kano, ya dawo ranar kasuwa. Ranar kasuwa aka ce mai kawowa bai zo ba. Da ya zo, ba irinsa ya kawo ba. Da aka sami irinsa, wuta ta ɗauke. Jibo ya yi ta safa da marwa tsakanin Kwaya da Magarya, wakensa yana bushewa yana fashewa a gona, masu taya suna zuwa rumfa suna komawa. Gero ya shiga rumbu. Husaini ya iso da mota, ya ce kwana biyu zai yi.

Washegari Jibo ya yi sammako, ya je ya zauna a bencin mai gyara ya ce ba zai tashi ba ko za a rufe shagon da shi. Mutumin ya ga da gaske yake, ya zauna ya yi aikin da tun farko bai fi ƙarfin zama ɗaya ba. Bayan azahar Jibo ya sauka ƙofar gida rungume da na'urarsa. Ya shiga zaure ya tarar da akwati a buɗe, kwalaye a jere tsaf yadda ya bar su. Ya ɗaga ɗaya, ba nauyi. Ya ɗaga na biyu, haka. Zahara'u tana tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Illa ne ya zo," ta ce. "Na yi magana, Malam. Ya ce in matsa, tsakaninsa da bawansa ne."

Illa ɗan kawun Jibo ne, wato taubashinsa. Wanda ya san wasan taubasai ya san Zahara'u ba ta da abin yi. Taubashi zai shigo gidanka ba sallamar kirki, ya cinye tuwonka, ya sa hularka ya fita, ya zage ka gaban surukanka, kai kuma naka dariya da ramuwa. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin kunya, za a yi ta ba da labarinsa har jikoki. Illa kuwa, da yake shi ne ɗan namiji, tun suna yara yake kiran Jibo bawansa. Bana geronsa bai yi ba, sauran fatansa wata gonar dawa ce a fadama, ga kuma tsuntsayen jan-baki sun sauko mata garke-garke tun tana madara.

Tun daga nesa Jibo ya hango gonar tana walƙiya. An kafa sanduna, an ja igiyoyi a saman dawa, faya-fayansa suna reto suna juyi, kowanne yana watsa rana ta ko'ina. Abin haushi, har kyau ya yi. Illa yana gindin wata gawo da matarsa da maƙwabtan gona, ana shan fura.

"A'a, ga bawana!" Illa ya ɗaga murya. "Zo ka ga aikin da kayanka ke yi. Shekara da shekaru suna kwance a akwati ba su tsinana wa kowa komai ba, yau ga su suna gadin abinci. Tun safe ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba."

Jibo ya tsaya yana bin igiyoyin da ido.

"Kada ka damu, na bar maka kwalayen, ai su ne masu hoto. Da na rataye su ta hudar tsakiya sai suka ƙi juyawa, sai na ɗora ƙusa a wuta na yi musu wata a baki-baki. Dubi yadda suke rawa!"

Maganganu suka taso wa Jibo har maƙogwaro, irin waɗanda in sun fita ba sa komawa. Ya ga idanu duk a kansa, ana jira a ga ko mai faci zai ba da kansa. Ya dubi dawar, ya tuna bakunan da ke gidan Illa, ya tuna kuma duk shekarar da shi ya yi sakaci da gona yana yawon kwalaye, daga wannan fadamar ake kai masa dami ba tare da ya roƙa ba. Da ma mugu ne ya yi masa, da ya san yadda zai yi da shi. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya buɗe haƙora.

"Ubangidan da ke sata a ɗakin bawa," ya ce, "ai tsiya ta kai inda ta kai."

Aka kwashe da dariya, Illa har da buga cinya, kowa ya ji daɗi zumunci ya yi kyau. Jibo ya ce guda ɗaya kawai yake so. Ya shiga cikin dawa yana bin igiyoyi yana juya faifai ɗaya-ɗaya, ganye yana yankar hannunsa, har ya same shi can tsakiyar gona, don Illa ya zaɓa masa wuri mai kyau. Hudar tana nan a bakinsa, gefenta ya narke ya yi baƙi. Jibo ya san abin da Illa bai sani ba: na'ura daga tsakiyar faifai take farawa ta nufi baki, ƙarshen fim a bakin yake.

"Ka dawo min da shi fa," Illa ya ƙwala daga gindin gawo. "Duk ya fi su walƙiya!"

Bayan la'asar ya ɗora tele da batir da na'ura a amalanke ya kai gidan Kyari. An riga an ɗaure kaya a tsakar gida. Husaini ya gaishe shi da ladabi, ya taimaka aka jingina tsohon da matashi, ya ja musu ƙofa ya fita. Jibo ya yi bisimilla ya tura faifan. Ta karɓa. Hoto ya fito garau, irin wanda bai taɓa gani ba ko a silima, har zufar da ke wuyan wan ana iya ƙirgawa. Kyari ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, na yabo ne amma ba zai faɗa ba. Masu rijiya suna ta haƙa. Jibo bai ga rabin abin da ke tele ba, addu'a yake ta yi a ransa Allah ya sa ƙusar Illa ta faɗa kan sunayen ma'aikata.

Ƙanen ya janye igiya, ya naɗe, ya saɓa, ya juya baya. A nan hoto ya farfashe ya zama ƙananan gidaje, ya tsaya cik. Ko inda kaset ɗin Kyari ya kai bai kai ba.

Jibo ya cire, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Nan dai ya tsaya. Ya wanke da ruwan sabulu, ya shanya a iska, ya mayar, ya yi ƙoƙarin tsallakewa gaba, na'ura ta yi ƙara ta tofo shi. Ya tuna da faifai na biyu, wanda marfi ya ɓoye wa Illa, ya sa shi da sauri. Wasu tsofaffin Turawa ne zaune a kujeru suna ta zuba da yarensu, suna ɗaga hannu, suna dariya. Wataƙila amsar ce suke faɗa. Ya tura gaba, tsofaffi. Ya sake turawa, wani tsohon. Gumi ya jiƙa masa riga, ya koma kan na farkon yana gogewa kamar gogewa za ta toshe huda.

"Jibo," Kyari ya kira shi. "Bari haka."

"Tsaya, yanzu za ta kama."

"Bari. Ta sauko." Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa gwiwar Jibo. "Igiyar ta sauko. Kai ke da gaskiya."

Jibo ya juyo ya dube shi. Babu tsokana a fuskar, babu hasken nan na ranar kwali. Tausayi ne zalla, irin kallon da ake yi wa yaron da aka fasa wa tulu. Nan take ya gane sallama ce ake yi masa, kuma ransa ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a gonar Illa.

"A ina ka gani?" ya ce, muryarsa ta tashi. "Me ka gani? Hoto ya tsaya a gabanka, ka ce ta sauko? Ka tsaya kan maganarka, Babarbare! Ban roƙe ka sadaka ba!"

"Na yarda," in ji Kyari, ya lumshe ido.

Ƙofa ta buɗe, Husaini ya shigo da sauri, ya dubi ubansa, ya dubi Jibo.

"Baba Jibo, don Allah a yi haƙuri. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, ga tafiya gobe da sassafe. Ai na ji ya ce ya yarda. To me kuma ya rage?"

Jibo ya dubi faifan da ke hannunsa. Ya ci gardamar da ya yi rabin rayuwarsa yana nema, bai san ko da gaskiyarsa ya ci ba, kuma daga gobe babu wanda zai sake tambayarsa a Kwaya. Ya durƙusa ya fara kwance wayoyin batir.